Gurbin Uchechi

Shekara tara Malama Ikhlas ta yi a ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a, kuma a cikin shekara taran nan babu abin da ya ƙaru gare ta sai ciwon kai da yawan dangi. Da zarar an ce sakamakon JAMB ya fito, shi ke nan, mutanen da rabonta da su tun bikin yayarta za su tuna cewa kakarsu da kakarta ɗaki ɗaya suka tashi. Waya ba ta hutawa. A gidan biki a tare ta, a gidan gaisuwa a tare ta, har a layin ganin likita wata mata ta taɓa cusa mata takarda a jaka tana raɗa mata, "Sunan autana ne, likita muke so." Yaron nan kuwa makinsa ko ƙofar tsangayar bai kai ba.

Ranar wata Laraba da hantsi aka gayyace ta wata makarantar 'yan mata a Fagge, ta yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin yadda ake neman jami'a. Ta tsaya a gaban yara wajen ɗari biyu, fanka ɗaya tana juyawa a sama kamar an yi mata dole, lasifikar kuma tana ɗaukewa tana dawowa, har ta gaji ta ajiye ta ta buɗe murya.

"Na farko," in ji ta, "kwas ɗin da za ki cika, ki cika shi daidai da makinki da darussan da kika ci. Ba daidai da sunan da babanki yake so a riƙa kiransa a majalisa ba. Kowa Baban Dakta, kowa Maman Barista. To wa zai koyar da 'ya'yan daktocin?"

Yara suka tuntsire da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Ku yi rajista da lambar wayarku, ba ta mai kafen intanet ba, ba ta saurayi ba. Lambar sirrinki ki riƙe abarki. Kuma wadda take ganin jami'a wurin hutu ce, ta sake tunani tun yanzu. Ɗakin mutum huɗu za ki tarar da takwas. Ki tafi da bokiti biyu da kwaɗo mai kyau, don ruwa da asuba yake zuwa, kuma ba ya jiran kowa. Darasin ƙarfe takwas, in ba ki je bakwai ba, ta taga za ki ji shi. Ba mai kaɗa miki ƙararrawa, ba mai bin ki da bulala. Sai ranar da sakamako ya fito a allo ne za ki san ana lissafe da ke."

Ta ɗan numfasa, ta kurɓi ruwa, sannan ta zo kan abin da ya fi ci mata rai.

"Idan Allah ya sa aka ba ki gurbi, za ki gan shi a shafinki na intanet. Akwai wurin karɓa, akwai wurin ƙi. Ki danna karɓa kafin wa'adi ya cika. In wa'adi ya wuce, an ba wata, ke kuma sai baɗi."

Wata yarinya mai gilashi ta ɗaga hannu daga baya. "Malama, to idan mutum yana da hanya fa?"

"Wace hanya? Hanyar Katsina ko ta Zariya?" Ikhlas ta watsa hannuwa. "Ke, na'ura ce take jera sunaye bisa maki. Ni da kike gani, ko rabin maki ba ni da ikon ƙara wa kowa. Duk wanda ya ce miki yana da mutum a ciki, ki gaishe shi, ki wuce ki danna abinki."

A gaban 'ya'yan mutane kam bakin Malama Ikhlas ba ya rawa. Sai ka rantse babu mahaluƙin da take jin nauyinsa a garin Kano.

Ta yi sallar azahar a ofishin malamai, tana ninke sallaya saƙo ya shigo wayarta daga wani abokin aikinta. Jerin sunaye ne na waɗanda aka ba gurbi ba su karɓa ba, su arba'in da uku, kuma ƙarfe huɗu na yammar nan za a rufe. Ta ja tsaki. Kullum haka, a yi ta wa'azi kamar da bango ake. Tana jan sunayen da ɗan yatsa tana mita, sai ta tsaya cak a kan na sha bakwai.

Uchechi Augustine. Sashen ilimin sinadarai, wanda yara ke kira Kemistiri. An ba ta tun kwana ashirin da bakwai da suka wuce, ba ta taɓa ba.

"Innalillahi," in ji Ikhlas, ta zauna a kan kujerar da ta fi kusa.

To, sai an san waye Augustine kafin a gane abin da ya zaunar da ita. Mutumin Gabas ne, ya zo Kano yana saurayi, ya buɗe ɗan kemis a wani layi a Sabon Gari, yau shekara arba'in ke nan, Hausa a bakinsa har da ta zagin wasa. Shi ne aminin mahaifinta, marigayi Malam Nafi'u tela na Rijiyar Lemo. Shekara shida Malam Nafi'u ya yi yana fama da hawan jini, shekara shidan nan duk Lahadi in Augustine ya fito daga coci sai ya biyo da abin awonsa ya ɗaura masa a dantse, ya yi masa faɗan gishiri, su rabu suna dariya. Ranar da jikin ya rikice shi ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti. Ranar jana'iza ya tsaya can gefe da hularsa a hannu har aka watse. Kuma da Ikhlas ta samu jami'a, shi ya ɗaure katifarta a kan motar nan tasa, ya kai ta har ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai, ya tsaya ya yi wa mai gadi kashedi kamar shi ya haife ta. Baba take ce masa tun ba ta iya magana sosai ba.

Burinsa ɗaya a duniya, autarsa Uchechi ta karanta Famasi, wato harhaɗa magunguna, a sauke ƙaramin allon kemis a ɗora babba mai sunanta. Bara ya zo gidansu da ambulan ruwan ƙasa cike da takardu, ya zauna a tabarmar zaure, Inna, mahaifiyar Ikhlas, tana daga ciki tana amsa gaisuwa. Ikhlas ta duba makin, ta ga bai kai ba, ko kusa. Ta ɗago za ta yi magana, ta ga furfurar kansa, ta ji Inna tana gyaran murya a bayan labule. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To Baba, za a duba in sha Allahu." Da aka gama ɗaukar ɗalibai ba ta neme shi ba, shi ma bai tayar da maganar ba, ta ɗauka abin ya bi ruwa. Bana ya sake zuwa da sabuwar ambulan. Yarinya ta ƙara ƙoƙari, ta ci ɗari biyu da talatin da ɗaya, amma Famasi sai ɗari biyu da saba'in. Ikhlas ta sake sunkuyar da kai, ta sake faɗin abin da ta faɗa bara. Da ta ga an ba yarinyar Kemistiri kuwa har hamdala ta yi a ranta, ta ce Allah ya raba ta da jin kunya. Ko kusa ba ta kawo cewa ba za su karɓa ba.

Ta kira lambar da ke jikin sunan. Muryar Baba Augustine ce ta amsa, ashe da wayarsa aka yi rajistar. Abin da ta gama hana yara ɗazu ke nan.

"A'a, 'yata! Yanzu nake zancenki."

"Baba ina wuni. Baba, an ba Uchechi gurbi fa, kun gani?"

"Mun gani tun tuni! Wannan na gama-gari ne, wanda na'ura ke rabawa. Na ce kada ta kuskura ta taɓa. Naki muke jira."

"Baba, yau ake rufewa, ƙarfe huɗu."

"Su rufe mana. Mu ai ba ta wannan ƙofar za mu shiga ba." Ya yi dariya, ya ce yana da masu sayen magani, ya kashe.

Ikhlas ta bi wayar da kallo. Wallahi da wani ne ya yi mata wannan maganar da ta wanke shi tas. Ta duba agogo, biyu da kwata. Ta figi jakarta, ko sallama ba ta yi wa shugabar makarantar ba, ta tare adaidaita sahu ta ce Sabon Gari, ita kaɗai, kada ya ɗauki kowa.

A titin Ibrahim Taiwo suka tarar da abin da aka saba. Wata babbar mota ta tsaya a tsakiyar hanya ana sauke dilolin atamfa, masu kura sun cika gefe, kowa yana danna ham kamar shi zai ɗaga motar. Mai adaidaita ya kashe injinsa ya jingina, hankalinsa kwance. Ita kuwa ta kira Inna, don ta san in ba ta fara faɗa mata ba, labari zai riga ta isa gida.

"To ke me za ki ce masa?" in ji Inna.

"Gaskiya zan faɗa masa, Inna. Ba ni da yadda zan yi."

"Ke dai ki bi shi a hankali. Mutumin nan ba a yi masa gatsali. Ki tuna ubanki. Ki ce masa ana kan dubawa, in ya so daga baya ya gane da kansa."

"Inna, dubawar nan ce fa ta kawo mu nan!"

"To ni dai na faɗa miki. Kada ki je ki zubar mana da mutunci a kasuwa."

Ikhlas ta kashe wayar tana huci. Ga shi nan dai. Tun tana ƙarama aka koya mata cewa babba ba a ce masa a'a, sai dai a ce to, a bar lokaci ya faɗa masa sauran. Duk unguwarsu haka ake yi, kuma ana zaune lafiya. Amma shafin intanet bai san kara ba, ƙarfe huɗu yana cika zai rufe, ko uban waye a tsaye.

Uku saura minti biyar ta sauka a bakin layin. Kemis ɗin yana nan yadda ta san shi, kantocin katako, warin man zafi, kalandar coci ta bana a kan ta bara. Uchechi tana bayan kantar shagon tana ƙirga wa wata mata ƙwayoyi a 'yar leda, siririyar yarinya mai shekara sha tara, ba ta da yawan magana. Baba Augustine kuma yana kan benci a ƙofa tare da maƙwabcinsa Alhaji Fatai mai sayar da fenti, da wasu dattawa biyu, ana shan rake.

Yana hango ta ya miƙe. "Ga ta nan! Ba na faɗa muku ba? Da ƙafarta ta zo! Alhaji, wannan ita ce 'yar Malam Nafi'u da nake ba ka labari. Mukullin jami'a a jakarta yake."

Ikhlas ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi Inna, aka tambayi maigida, aka tambayi yara da sunayensu, aka yi wa marigayi addu'a. Minti goma suka tafi a nan. Kafin ta miƙe Alhaji Fatai ya riga ya laluba aljihun 'yar shararsa ya zaro wata takarda da ta sha ninki.

"Hajiya, tunda Allah ya kawo ki. Waliu ne, ɗana na uku. Injiniya muke so, amma ko lauya ne ba laifi."

Kai, jama'a! Ta karɓa da hannu biyu don ba yadda za ta yi, ta juya wurin Baba Augustine. "Baba, don Allah in gan ka daga ciki, magana ce 'yar kaɗan."

"Faɗi a nan, 'yata. Nan duk 'yan uwa ne. Wata biyu suna jin zancen nan, gara su ji ƙarshensa da kunnensu."

Wata biyu! Wato duk layin nan an san cewa Uchechi ta gama samun Famasi, sanarwa kawai ake jira. Ikhlas ta gyara mayafi, ta ɗauko muryar da take lallashin iyaye da ita a ofis.

"Baba, Kemistiri kwas ne mai kyau ƙwarai. Masu haɗa magani a kamfani da yawansu shi suka karanta. Akwai aikin ɗakin gwaji, akwai koyarwa, akwai..."

"Mai Kemistiri zai iya sa hannu a lasisin kantin nan?"

"A'a, amma..."

"To kin gani." Ya tofar da ɓawon rake. Dattawa suka gyaɗa kai, an kashe magana.

"Baba, ita Uchechin an tambaye ta kuwa?"

"Me za a tambaye ta? A cikin magani aka haife ta. Tana shekara takwas ta san maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Uchechi! Kawo wa Antinki lemo mai sanyi."

Yarinyar ta kawo lemon, ta ajiye a kan benci, ta ce "Sannu da zuwa Anti," ba ta ɗago ido ba. Ikhlas ta tambaye ta a hankali ko tana da lambar sirrin shafinta. Ta girgiza kai, ta nuna durowar kantar shagon da haɓa. Takardar lambar tana ciki, mukullin kuma yana rataye a ɗamarar Baba. Ko da ma a hannunta take, wannan yarinyar ba za ta danna abin da ubanta ya hana ba.

Uku da ashirin da biyar.

"Baba," in ji Ikhlas, "ga shawara. A karɓi wannan ɗin tukuna, kada a yi biyu babu. Gurbi a hannu ai ya fi."

Baba Augustine ya karkata kai, ya dube ta da kyau. Ba wawa ba ne, shekara arba'in yana ciniki. "Wato in ta karɓa, daga baya ki juya mata shi zuwa Famasi?"

Shi ke nan, ga ƙofa a buɗe. Kalma uku kawai za ta faɗa, waɗanda ta saba, ya ciro mukulli da murnarsa, yarinya ta danna, kowa ya tashi da mutuncinsa. Inna ta ji daɗi, dattawa su sa albarka. Har bakinta ya buɗe. Sai ta hango Uchechi a bayan kanta, ta daina abin da take yi, ta zuba mata ido. Ba roƙo a idon, ba fushi. Kallon wanda ya riga ya san abin da za a ce ne kawai. Ikhlas ta ga yadda abin zai kasance, yarinya tana aji ɗaya uba yana jiran canji, tana aji biyu yana jira, ba zai taɓa yi mata murnar abin da take karantawa ba, kullum sai dai ya ce na wucin gadi ne. Haushin kanta ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"A'a, Baba," ta ce.

"Na'am?"

"Ba zan juya ba. Ba zan iya ba. Makinta ɗari biyu da talatin da ɗaya ne, Famasi ɗari biyu da saba'in ake nema, kuma akwai yara sama da ɗari uku a gabanta. Ba ni da mukullin komai, Baba. Ni ma'aikaciya ce, takarda nake tantancewa in buga hatimi. Ko 'yar da na haifa ce ba ni da ikon ƙara mata maki ɗaya. Wannan gurbin da kake cewa na gama-gari, ba wanda ya ba ta, ita ta ci abinta da kanta. Shi kaɗai ne, babu wani yana zuwa. In huɗu ta yi ba ta karɓa ba, ta sake zaman gida shekara guda."

Ta faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har mai sayar da katin waya na tsallaken layi ya juyo. Ɗaya daga cikin dattawan ya tuna yana da abin yi a shagonsa, ya zame. Alhaji Fatai ya miƙo hannu a hankali ya zare takardar Waliu daga hannunta, ya mayar aljihu.

Baba Augustine bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya ajiye guntun raken da ke hannunsa, ya goge tafinsa a wando.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun ranar da ka fara kawo takardun, Baba."

"Kika ce min za a duba."

"Na ji nauyinka ne."

"Nauyi," in ji shi, ya jinjina kai. "Ni na san Kano, 'yata. Na san in mutum ya ce maka za a duba, wani lokaci sallamarka ya yi. Ni ma ina yi wa masu tallan magani. Amma na ɗauka wannan tsakanin bare da bare ne. Ban san har da ni ba."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta so ta ce ba haka ba ne, ta so ta ce don ya fi kowa ne ma ya sa ta kasa, amma agogon bangon kemis yana nuna huɗu saura ashirin, kuma ba ta zo nan don ta wanke kanta ba.

"Baba, ka yi min duk hukuncin da ka ga dama daga baya. Yanzu dai mukullin."

Ya juya ya yi wa 'yarsa magana da Ibo, gajeriya. Ta amsa da kalma ɗaya, ta gyaɗa kai da sauri har sau biyu. Ya kwance mukullin daga ɗamara ya ajiye a kan kantar shagon, wayarsa a gefe, ya koma benci ya zauna yana fuskantar titi.

Uchechi ta buɗe durowa. Suka haɗa kai a kan wayar, ta shigar da lambobin, shafin ya tsaya yana ta juyi. Ya ɗauke. Ikhlas ta ja tsakin da ya sa wani mai jiran maganin mura ya matsa baya. Suka sake da wayar Ikhlas, ya sake juyi, ta fita tsakiyar layi tana ɗaga waya sama, mai baro yana yi mata ihu ta ba shi hanya. A karo na uku ya buɗe. Ga sunan, ga sashen, ga wurin karɓa da wurin ƙi, kusa da juna.

"Ke za ki danna," in ji Ikhlas. "Ki duba da kyau, na hagu."

Uchechi ta danna. Rubutun taya murna ya fito, huɗu saura minti tara. Yarinyar ta dafe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna motsi, ba a jin sautin komai. Alhaji Fatai ya ce, "To, barka, barka, Allah ya sa albarka," shi kaɗai, don a samu wanda ya faɗa.

Ikhlas ta je ta durƙusa a gaban benci. "Baba, zan tafi. Ka yafe ni."

"Ki gaida Inna," in ji shi, idonsa a kan titi.

Uchechi ta rako ta bakin layi neman adaidaita. Yanzu fuskarta ta saki, har tana tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai sai da bokiti biyu, ko ana barin 'yan aji ɗaya su shiga ɗakin gwaji, ko akwai cocin ɗalibai a ciki. Ikhlas tana amsawa, zuciyarta tana ɗan yin sanyi. Ko ba komai an tsira. Baba zai huce, ko da wata shida ne, za ta yi ta zuwa gaishe shi har ya gaji. Ta ce wa kanta abin bai yi muni ba, tunda ba a rasa komai ba.

"Na gode Anti," in ji Uchechi. "Wallahi na ɗauka irin ta bara za a sake."

"Wace irin ta bara? Bara ai makinki ne bai kai ba."

"Na Famasi ne bai kai ba. Amma wata jami'a a Gabas ta ba ni aikin jinya. Shi nake so ma tun asali." Ta faɗe shi ba tare da wani nauyi ba, tana leƙen titi. "Ranar da Baba ya dawo daga gidanku ya ce in danna ƙi, Anti ta ce za a duba. Ni na danna da hannuna."

Ikhlas ta tsaya. Wani adaidaita ya ci burki a gabansu, direban yana tambayar ina za a je, ba ta ji shi ba.

"Ba wanda ya faɗa min," ta ce.

"Baba ya ce kada a dame ki, kina kan aikin." Uchechi ta ɗan yi murmushi. "Mu biyu aka ba, ni da Nneka ta layin bayanmu. Ita tana aji biyu yanzu, jiya ta turo min hotonta da fararen kaya, sun fara zuwa asibiti."

Ta ɗaga mata hannu, ta juya da sauri ta koma kanti, don ta bar wani yana jiran maganin mura.